Hajiya Hassia Ta Shiga Ƙarƙashin Ruwa

Duk wanda ya san Hajiya Hassia, mai sayar da atamfa a unguwar Barbès ta birnin Paris, ya san ba ta ganin abu a rufe ta wuce. Tun tana yarinya a Maraɗi ta kwance rediyon babanta don ta ga masu magana a ciki, ta sha duka, ba ta daddara ba. A gidanta na Saint-Denis ma sai da ta buɗe bayan injin wanki tana neman inda ruwan ke tafiya.

Abu ɗaya ne ta ƙi leƙawa: aikin autanta Illiassou, wanda ya koma birnin Lyon yana koya wa mutane nutso da tukunyar iska a baya. Tsoro take ji ƙwarai, sai tsoron ya riƙa fitowa a faɗa. Kullum ya kira, sai ta ce, "Yaya kifaye?" Tun yana dariya har ya rage kira, aka yi salla bai zo gida ba. Wannan ya ci mata rai. Ta bar wa maƙwabciya shago, ta hau jirgin ƙasa.

Ta same shi a bakin wurin iyon da yake koyarwa, ta ƙwanƙwasa tukunyar da ɗan yatsa.

"Mi ke cikin wagga?"

"Iska ce, Inna. Irin wadda muke shaƙa, an dai matse ta."

"To in ta ƙare hwa?"

Ya nuna mata agogon da ke faɗin abin da ya rage. Ta juya shi, ta duba bayansa, ta ce ita ma sai ta gani da idonta.

Rigar roba mai hula ta rufe ta ruf, har ta ce ta fi wasu hijaban sutura. Ya bayyana mata a hankali: ta baki za ta yi numfashi, in kunne ya yi zafi ta matse hanci ta hura kaɗan, in lafiya take ta haɗa babban yatsa da manuni. Babbar doka kuwa, kada ta riƙe numfashi, musamman wajen hawowa, domin iskar da ke huhu kumbura take yi in mutum ya yi sama.

Numfashin farko a ƙarƙashin ruwa ya ba ta mamaki. Iskar ta zo da sanyi, busasshiya, kumfa na wucewa ta gefen kunnenta da ƙara kamar tukunya na tafasa. Nauyin da gwiwoyinta ke kuka da shi ya tafi. Daɗi ya kama ta, ta yi dariya, ruwa ya kutsa cikin gilashin fuskarta ya cika mata hanci.

Nan hankalinta ya tashi. Ta ƙume numfashi, ta yunƙura za ta yi sama. Illiassou ya cafke ɗamarar rigarta, ya kawo fuskarsa daf da tata, ya saki kumfa a hankali yana kallonta. Ta kwaikwaye shi. Suka hawo tare, sannu sannu, bai sake ta ba.

Ta daɗe riƙe da bakin kwamin iyon tana haki. Da ta samu magana sai ta ce, "Kai hwa, in ka firgita can ƙasa, wa ke riƙe ka?"

"Ba mu shiga mu kaɗai, Inna. Kowa da binôme ɗinshi, abokin nutso. Tawa ga ta can, Widad."

Wata siririyar budurwa ce ke jera tukwane a gefe. Hajiya ta fito, ruwa na zuba daga jikinta, ta nufe ta tana tafiyar agwagwa da takalman iyo. Ta kama hannunta da hannu biyu, ta gaishe ta gaisuwar manya, ta tambayi iyayenta da gajiya. Sannan ta ce da Faransancinta na kasuwa, "Shi ne ƙaramina. Ki riƙe min shi da kyau."