Kwana Huɗu a Ƙarƙashin Sitiyari

Ni ba mai fita ba ce. Shekara goma sha ɗaya na yi a hawa na tara a unguwar Minguettes, gefen birnin Lyon, kuma in ka cire kasuwa da asibiti, ƙafata ba ta san Lyon ba. Amma ran Asabar ɗin da aka bugo waya daga Sevran, can bayan Paris, aka ce ɗiyata ta fari ta sauka lafiya, ba wanda ya isa ya zaunar da ni. Haihuwar fari, yarinya daga ita sai miji ɗalibi, ba uwa ba goggo. Wa zai yi mata wankan jego? Wa zai dama mata kunun kanwa? Na ɗaure manyan tukwane biyu, garin gero, kanwa, yaji, da kilishin da aka aiko daga Damagaram. Kaya ne da ba a hawa jirgin ƙasa da su, sai mota.

Sai maigida ya duba takarda ya ce kwantrol ɗin motar ya ƙare, binciken nan da ake yi wa mota duk shekara biyu. Shi kuwa mutum ne da in ya ga ɗan sanda a talabijin sai ya gyara zama. Dakta ne, amma ba na allura ba, na ƙasar noma: shekara bakwai yana karanta ta, bai taɓa riƙe hauya ba.

Ran Litinin muka tafi wurin binciken da kayana a bayan mota, don mu zarce daga can. Wani tsohon Bature siriri ya duba birki, ya duba fitilu, ya zura tiyo a bututun hayaƙi. Daga nan ya durƙusa ya cusa waya a wani ɗan rami ƙarƙashin sitiyari, inda motar ke gaya wa na'urarsu ko injin na ɓata iska. Shiru. Ya zare, ya hure, ya mayar. Shiru. Ya ce ba zai ba da takarda ba sai ramin ya yi magana. Ya fara wani bayani, maigida ya katse shi da Faransancin jami'a, wai shi ya san kimiyya, na'urarsu ce ta lalace. Tsohon ya ɗaga kafaɗa ya kira motar baya.

Aji uku na yi a lakwal, makarantar boko, aka cire ni, amma kunne Allah ya ba ni. Kafin a katse shi na tsinci kalma biyu: fizibil, wato fiyus, da alim-sigar, wato ramin kunna taba. Mako uku kafin nan na jona wani kaskon turare na lantarki a ramin nan, tsarabar Makka, don motar har lokacin warin karen mai ita na da take yi. Na ji ƙas, kaskon ya mutu, na tura shi jaka na yi gum.

A hanya na ce, "Malam, mutumin nan fa cewa ya yi..."

"Hajiya, don Allah. Wannan ba miyar kuka ba ce."

To. Na kama bakina na mayar da tukwanena hawa na tara.

Talata ya kira abokinsa, wani injiniyan kwamfuta ɗan Kaduna, mai sa kwat ko shara zai zubar. Ya zo da kwamfutarsa da waya irin ta tsohon. Na sauko musu da shayi na ji yana cewa, "Dakta, sofwaya ce, wallahi. Risetin kawai za mu yi." Suka cire batir suka mayar. Ramin bai yi magana ba, rediyo kuma ya kulle yana neman wata lamba da ba wanda ya sani. Laraba suka kwance robobin ƙarƙashin sitiyari, suka tara kusoshi a farantin shayina. Daga taga ina hango ɗuwawu biyu sun leƙo daga ƙofar mota, digiri yana cikin duhu yana lalube. Ɗiyata kuwa tun Talata aka sallamo ta daga asibiti. In ta bugo sai in ce, "Gobe, in Allah ya so," har na ji kunyar kalmar.

Na sake gwadawa: "Injiniya, ba ka duba wurin kunna taba ba?"

Ya yi dariya. "Hajiya, Dakta ai ba ya shan taba."

Suka tafa. Kai, jahilcin mai takarda ya fi kowane tauri, don shi ba ya jin ana magana sai in daga littafi ta fito.

Alhamis da safe suka hau metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, neman sabon rami, wai na motar ya mutu. Suna fita na ɗauki makullin na ƙwanƙwasa wa maƙwabciyata, Balarabiyar Aljeriya da ta yi shekara ashirin tana jona wayoyi a masana'antar manyan motoci. Da guntun Faransancina da hannu na gaya mata komai, har kaskon. Ta sauko da silifas, riƙe da ɗan hantsakin da take tsige gira. Ta buɗe wani murfi gefen sitiyari, ta zaro wani ɗan abu shuɗi kamar haƙorin yaro, ta ɗaga shi ga haske. Zaren cikinsa ya tsinke. Fizibil ɗin ke nan: shi ke ba ramin taba wuta, shi ke ba ramin binciken. Ashe har da na canji maƙale a jikin murfin. Ta sa, ta danna abin kunna tabar, muka jira. Tak! Ya fito ja wur. Ruwan shayin da na bari kan wuta a gida ko tafasa bai yi ba.

Da suka dawo hannu banza, injiniya ya sake jona wayarsa don fidda rai, kwamfuta ta cika da rubutu.

"Allahu akbar! Dakta, risetin ya kama!"

Na kawo shayi, na ajiye ƙonannen abin a farantin, kusa da sukari. Na ce turarena ne ya ƙona shi, matar ƙofa ta biyu ce ta canza. Injiniya ya juya shi a tafin hannu.

"Ai dama na yi zargin haka."

Maigida ya kurɓi shayi ya ce a daina turare a mota.

Juma'a da safe tsohon ya manna takardarsa a gilashi. Muka isa Sevran bayan la'asar, suna washegari. Na tarar da ɗiyata ƙafafu a kumbure, kwana uku burodi da yawur, kindirmon kanti, take ci, tana wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi kamar na alwala, nonon bai kawo sosai ba, jaririn sai tsala kuka yake. Ta riƙe gefen zanina ta ce, "Inna, na zaci ba za ki zo ba."

Daga falo ina jin maigida ya fara ba surukinsa labarin yadda suka sha fama da kwamfutar mota. Na ja ƙofar kicin, na cika babbar tukunya da ruwa, na ɗora.