Gatanar da Kaka Ta Ƙi Rufewa

A gidanmu na Kore Mairuwa, da an ci tuwo an wanke hannu, sai mu ɗebo karan hatsi mu hura wuta a ƙofar ɗakin Kaka. Can gefe babanmu, wanda mushe ne, wato malamin boko, a lakkwal, yakan manna rediyo a kunne ya rage murya, don lokacin soja ne, magana ma sai an duba bayan darni. Ni kuwa ina da baki, Kaka takan ce da ni aku mai zane.

Autanta, Baba Idi, yana karatun likita a Rumaniya. A ɗarin wata shekara rediyo ya rikice. Yau a ce an rushe katangar da ta raba wani birni a Jamus, gobe a ce mutanen wata ƙasar sun cika titi. Sai abin ya isa inda Baba Idi yake, har da harbi. Daga nan saƙonsa ya ɗauke. Babanmu ya je Dogon Dutsi ya je Yamai, kowane ofishi sai a ce ya dawo. Ba mu da hanyar zuwa gare shi, ba mu san ko shi yana da ta zuwa gare mu ba.

A kwanakin ne Kaka ta zo da wata gatana da ba mu taɓa ji ba.

"Ga ta nan, ku matso ku karɓa," in ji ta.

Wai wani dodo ne ya zuba mutane cikin goruna, gari guda gora guda, ya toshe, ya rataye su a igiya ɗaya. Mutanen kowace gora suna zaton su kaɗai ne a duhu. Rannan na gorar ƙarshe suka gaji, suka haɗu suka jingina gefe guda. Gorarsu ta yi lilo ta bugi ta kusa. Na ciki suka ji ƙwas, suka ce ashe akwai wasu! Su ma suka jingina. Haka bugun ya bi igiya, goruna suna faɗowa suna fashewa, kowa ya kama hanyar gida da gudu.

"Amma cikin gora guda akwai wani yaro baƙo," ta ce, "wanda uwa tai ta aika ɗiban wuta. Kowa ya san gida nai, shi bai san inda za ya dosa ba. Yat tsaya cikin sakaina yana dube-dube."

Nan ta tsaya, tana tona toka da kara.

"Kaka, sai mi?" na tambaya.

"Ku tashi ku kwanta."

Haba! Gatana ba rufewa? Na ga ta manta ne, sai na taya ta, na ce, "Ƙurunƙus!"

Matar da ba ta taɓa ɗaga mini murya ba ta damƙe hannuna har na ji zafi. "Ke! Wa ya ce miki ta ƙare? Yaron na waje!"

Wallahi na ji tsoro, na kuma ji tausayinta.

Ba a jima ba bugun ya iso ƙasar Benin, ya iso Yamai, ɗalibai suka fita titi, wasu ba su koma gida ba. Babanmu ya daina rage muryar rediyo. Kaka kuwa duk dare gatanar nan take maimaitawa, kuma a wuri ɗaya take tsayawa. Wani da ya dawo daga Rumaniya ya ce ya taɓa ganin Baba Idi a tashar jirgin ƙasa, yana neman ƙetare iyaka. Iyakar abin da muka samu ke nan har Kaka ta rasu.

Da na girma na gane ta fi masu rediyo fahimtar abin: igiyar ɗaya ce, daga can har nan. Na yi zaɓe, na faɗi ra'ayina a kasuwa ba wanda ya kama ni, kuma na gode wa Allah. Sai dai gidanmu bai fita daga gorarsa ba. Har yau in baƙuwar mota ta tsaya a bakin hanya, babanmu da tsufansa sai ya leƙa.

Kwanan baya na yi wa 'yata gatanar. Da na kai wurin sakaina na tsaya.

"Mama, kin manta ƙurunƙus."

Na ce, "Ban manta ba, ɗiyata. Yaron bai iso gida ba tukuna."