Malam Ja'afaru, Idon Zinariya

Abdulmuhaimin, kai ka sa aka kori bawan Allah daga aikinsa. Da bakinka da wayarka ka yi, kana zaune a ɗakin uwarka kana kaɗa ƙafa, kuma har yau ba ka san wanda ka cuta ba. To zauna ka ji ko wane ne.

Malam Ja'afaru na Miri shi ne mai fassara Dakarun Walƙiya, shirin yaran nan biyar masu rufe fuska da ke yaƙar dodanni a talabijin duk ranar Asabar. Kowannensu da launin kayansa ake kiransa, su Ja, su Kore. Shirin na wata ƙasa ne, da yarensu ya zo. Shi ke mayar da shi Hausa. Shi ne muryar duka biyar ɗin, shi ne dodon, shi ne mai ba da labari. Yaran Bauchi sun tashi da muryarsa a kunne, amma da za su gamu da shi a kasuwa ko sannu ba za su ce masa ba, don ba a taɓa nuna fuskarsa ba.

Shekara da shekaru, in ya idar da sallar asuba, ruwan ɗumi da citta yake sha. Ruwan sanyi kuwa ko ana zafin da ke narka kwalta ba ya taɓa shi, wai kada murya ta dushe. Sai ya naɗe baki da ƙyalle, ya hau tsohon babur ɗinsa zuwa Gwallameji, inda gidan fassarar yake. Ɗakin da yake aiki ɗan ƙarami ne, an manne bangonsa da kwalin ƙwai. Ba a kunna fanka, don ƙararta na shiga na'ura. Nan yake wuni, gumi na ɗiga daga gemunsa.

Christabel, wadda ke riƙe na'urar ɗaukar murya, ita ta faɗa mini abin da ba kowa ya sani ba. Ta ce in ya gama ɗauka, sai ya juya wa allon baya, ya rufe ido, ya ce ta kunna masa. In ya kai wurin da bai gane abin da ke faruwa ba, sai ya ɗaga hannu.

"A sake, 'yata. Nan na ɓata."

"Baba, ai kowa zai gani."

"Ba kowa ba."

Jikata Zinariya na cikin waɗanda yake nufi. Tun tana goye ƙyanda ta tafi da idonta. Kafin ta san shirin nan, in yara na wasa a ƙofar gidanmu a Tirwun, gefen kaskon masata take zama, ta haɗa kai da gwiwa. Ba wanda ke kiranta. Ranar da ta fara jin Malam Ja'afaru yana cewa, "Ga dodo ya fito daga rami, fatarsa kamar soson ƙarfe, bakinsa ya kai murfin rijiya," sai ta miƙe ta lalubo soson da nake wanke tukunya, ta shafa, ta ƙyalƙyale da dariya. Ni kuwa na juya na yi kamar hayaƙi ne ya shiga idona.

Daga nan abin ya canza. Masu ido suna kallo suna ihu suna mantawa, ita kuwa tana haddacewa. Da yamma in za a yi wasan Dakaru, sai an jira ta, don ita ta san wa ya fara kai sara, wa ya ceci wa. "Kai Umar, ba nan Kore yake faɗuwa ba, sai an karya gada!" Yarinyar da ba ta magana ta koma mai raba wa maza aiki.

Malama Fati, mai koyar da ajin su Zinariya a makarantar makafi, wadda ke rubuta mini wannan maganar tunda ni ban yi boko ba, ita ma shaida ce. Ta ce ya sha zuwa ajinsu ba tare da an gayyace shi ba, da dodanni da ya ƙera da yumɓu a cikin buhu, ya miƙa wa yara su shafa ƙaho da farata. Sannan ya zauna a ƙasa ya tambaye su, "Ina ne ba ku gane ba makon jiya?" Su faɗa, ya gyara.

Wannan mutumin ne ka ɗora a waya, Abdulmuhaimin, bayan an gama zangon bana. An kunna mini, na ji da kunnena.

"Jama'a, ni masoyin Dakarun Walƙiya ne tun ina firamare, amma zangon nan ya ba ni kunya. An ba Kore shugabanci alhali Ja ne ya sha wuya. Dodon ƙarshe ko kaza ba zai tsorata ba. Babbar matsala kuma tsohon nan mai fassara. Ja ya ɗaga takobi, Ja ya juya hagu, Ja ya faɗi. Baba, muna gani! Mu makafi ne? Wai fatar dodo kamar soson ƙarfe! A ba shi hutu ya je ya wanke tukwane."

Aka yi ta dariya, aka yi ta turawa. Kore da Ja ba su dame ni ba, ka yi ta faɗa da su har gobe. Amma tambayar da ka yi tana da amsa, kuma amsar tana kwana a bayana.

Ba a jima ba Alhaji Modibbo, mai gidan fassarar, ya sallami Malam Ja'afaru. Na hau keke napep na je na sami Alhajin.

"Mama, ki yi haƙuri," in ji shi, yana kallon wayarsa. "Masu talla sun ga bidiyon. Zamani ya canza, samari muke so yanzu."

"Samarin za su gaya wa jikata wa ya faɗi?"

"Za mu duba."

Har na fita bai ɗago kai ba.

Na wuce Miri. Na tarar da Malam Ja'afaru a gonarsa yana karyar masara, ƙyallen nan na wuyansa kamar gobe zai koma aiki.

"Inna, kada ki zagi yaron nan," ya ce. "Yana son shirin ne. Dodon ƙarshen ma gaskiya ya faɗa, ni kaina bai ba ni tsoro ba."

"Kai kuma haƙurinka ya yi yawa. An taka ka kana ba da haƙuri."

Ya yi dariya, sannan ya dube ni. "Zinariya fa? Ta ji?"

Ta ji. Asabar da ta wuce suka gwada sabon mai fassara a wani kashi na musamman da aka saka kafin sabon zango. Ƙarar bindiga, ƙarar fashewa, yara na ihu, shi kuwa sai in an yi magana yake buɗe baki. Zinariya ta matso har kunnenta na taɓa talabijin. "Kaka, wa ya faɗi? Kaka, me ya fashe?" Ni da idona ya fara hazo, ban ma san wane ne wane ba. Da yamma yara suka fita wasa, ba su jira ta ba. Ta dawo gefen kasko. Abinci ma sai na matsa take ci. Tsorona ke nan, kada ta koma inda ta fito, don wannan karon ta san abin da ta rasa.

Malam Ja'afaru, kai ne idon da ba a biya ba. Kai ne ka tuna da waɗanda masu shirin ma ba su san suna zaune a gaban talabijin ba. Na gode, na gode, Allah ya kare maka muryarka, ya saka wa iyayenka da Aljanna. Duk mai aikin da jama'a ke amfana da shi, ya riƙa rufe ido kamar kai, ya ji wa ya bari a baya.

Sabon zango zai fara bayan Sallah. Alhaji Modibbo, kai ka sallame shi, kai za ka dawo da shi. In ba za ka yi ba, ka ɗauko Abdulmuhaimin a motarka ku zo Tirwun ranar Asabar, kowa ya san gidan mai masa. Zan shimfiɗa muku tabarma kusa da Zinariya. Duk abin da ta tambaya, ku za ku amsa mata.