Ranar da Muka Ci Wake a Gaban Jama'a

Shekarun baya, lokacin ina tsaron shagon hatsi a Agege, ina da wani maigida dattijo da tsarinsa ya ishe ni. Kowa a layinmu ya san yadda ake yi da wake: da ƙwari sun fara huda shi, sai a yayyafa masa maganin feshi a ɗinke buhu. Shi kuwa ko kusa. Sai dai mu shanya a rana, mu zuba busasshen barkono, mu toshe a durom. Ga atishawa ga hawaye, kullum ina ƙunƙuni cewa tsoron Allahn tsohon nan a kan hancina yake ƙarewa. Na taɓa ce masa Legas ce fa nan, ba a kasuwa da wa'azi. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce Legas ɗin ma ta Allah ce.

Wata rana da hantsi sai ga hayaniya ta doso mu. Wata mata ce Bayarabiya, ba ɗankwali, tana kuka tana cewa 'yarta na asibiti rai a hannun Allah bayan ta ci wake, kuma a layinmu ta saya, amma ta manta shagon. Bayanta matasa ne da gorori, ɗaya har da jarkar fetur. Kafin ka ce me, maƙwabta sun ja ƙofofi sun sulale.

 Na rarumo kwaɗo zan kulle, maigida ya ce in ajiye. Ya fito ya yi wa matar magana da Yarabanci, a hankali, ya ce ta shiga ta nuna duk buhun da ta ga dama. Ta nuna. Ya aro murhu da tukunya wurin mai abincin gefenmu, aka ɗebi waken buhun aka ɗora a tsakiyar titi.

Ban taɓa sanin wake na da taurin kai ba sai ranar. Ya ƙi nuna, mai jarkar nan kuma ya ƙi matsawa. Ni kuwa wani tsoron ne ya ƙara kama ni: mu ba mu sa magani ba, to manoman da muka saya a hannunsu fa? Duk addu'ar da na haddace ta gudu.

Da ya dahu, maigida ya yi bisimilla ya ci sosai, ya miƙo min cokali. Na ci, ina jiran cikina ya juya. Shiru. Jama'a suka fara watsewa da ɗaiɗai. Shi kuma ya tari keke napep ya bi matar asibiti. Yarinyar ta rayu, alhamdu lillahi.

Da ya dawo na ce, "Alhaji, kai ba ka ji tsoro ba ne?"

 Ya ce tun da aka ɗora tukunyar yake tunanin ko wani buhu ya wuce shi bai duba ba.

"Kai kana tsoron su kashe ka," in ji shi. "Ni ina tsoron a ce ni na kashe 'yar mutane, in je in tarar da ita a gaban Allah."

Yau ni ma ina da shago da ma'aikata, maigida kuma ya rasu. Na manta fuskokin matasan nan gaba ɗaya. Amma duk lokacin da wani ya kawo min dabarar da babu mai ganewa, maganar nan ce take faɗo min, in ce masa a'a.