Gyaran da Mai Turi Ya Yi Mini a Malanville

Ana sallame sallar asuba muka bar Doso, ni da abokina, wayata a aljihun gaba ina ta shafa ta kamar mai ciwon ƙirji. Kiɗa bakwai ne a cikinta, na jaz ɗin zamani, waɗanda na tura muku jerinsu makon jiya. Sunayensu kuna da su, don haka a nan da lamba zan kira su.

Ba yawon buɗe ido ya fitar da ni ba. Ina da kawu a Malanville, ɗan kasuwar albasa, wanda ya busa saksofon a Kwatano lokacin ƙuruciyarsa. Inna ce ta gaya mini ya gama magana da mai sayen tagulla, ranar Asabar za a ɗora saksofon ɗin a sikeli kamar tsohuwar tasa. Wai kiɗan ya mutu, na yanzu hayaniya ce kawai. Abin ya tsaya mini a rai, na ce sai na jiyar da shi kafin Asabar.

Hanyar Gaya ba laifi, sai dai ramuka nan da can da shingen jandarma. A bakin kogi muka shiga kwalekwale tare da buhunan masara, da babur guda, da wata tsohuwa mai kaji uku. Abokina bai iya ruwa ba, don haka tun daga wannan gaɓa har waccan salati yake yi. Muna sauka 'yan zemijan, wato masu babur ɗin haya, suka yanyame mu da Dandanci da Hausa da Faransanci a lokaci guda. Kafin komai muka zauna muka ci shinkafa da soyayyen kifi na dala ɗari, da yaji mai sa mutum ya tuna laifuffukansa.

Kawu ya karɓe mu a rumfarsa, buhunan albasa har rufi, mata suna zaune suna tsince ruɓaɓɓu. Da na faɗi abin da ya kawo ni ya yi dariya, ya ce shi ba ya jin kiɗa a waya, sautinta kamar sauro a kwalba. Sai dai a rediyonsa, ita kuma kile take ci, ɗan abin nan da ake soka mata a gefe.

Haka na shiga kasuwa neman mai turi, wato mai tura wa mutane waƙoƙi a kile. Na sami wani dattijo mai furfura a gemu, da kwamfuta a kan tebur tsakanin mai atamfa da mai garin rogo. Ya saurari farkon kowane kiɗa, yana jira a fara waƙa, ba a fara ba. Ya dube ni da tausayi, ya tambaya ko cutata aka yi. Na ce haka suke. Ya tura su a kile, ya miƙo mini, ya ce ya sa mini gyara. A kasuwar nan ko tumatir ka saya sai an ƙara maka biyu a kai, shi ya sa na yi godiya kawai ban tambayi mene ne ba.

Bayan la'asar muka kunna. Na farko, mai fiyano a hankali, Kawu ya yi gyangyaɗi. Na biyu ya ce mai gangar yana sauri kamar zai rasa mota. Na uku ya ɗan gyara zama, domin mai busa ya ja numfashi ɗaya mai tsawo bai yanke ba. Na huɗu shi ne abin alfaharina, inda jita ta lantarki da bas, wato jita mai kaurin murya, suke kokawa da ganguna. Ya ƙare Kawu yana duba wani buhu.

Ina jiran na biyar, sai goge ya tashi. Ashe gyaran ke nan: wani kiɗan biki na goge da ƙwarya da aka ɗauka da waya a garin Garu, har da kukan jariri a ciki, dattijon ya cusa shi a tsakiya don kada in tafi da kiɗa ba murya. Kunya ta kama ni, na kai hannu zan wuce shi. Kawu ya riƙe mini hannu.

"Bari. Maido na baya." Na mayar. "To sa wanga kuma. Ka jiya? Bas ɗin can da ƙwaryar ga, tahiyassu guda. Yaran nan gida sunka taho, ni ban sani ba."

Sau uku muka yi ta juya su. Sai ya tashi ya shiga ciki, ya fito da akwati mai ƙura, ya ciro saksofon ɗin. Busar farko ta fito kamar kukan akuya, matan suka fashe da dariya, shi ma ya yi. Ta biyu ta fi. Can sai ya kama bin gogen, ya bi shi, ya kauce, ya dawo, masu turin kura suka tsaya a ƙofa, wata daga cikin matan ta rangaɗa guɗa. Hawaye suka zubo mini. A rumfar albasa nake, ina da abin fakewa, amma ba albasa ba ce, daɗi ne.

Masu tambayata wanne za su fara ji, ga hukuncin Kawu. Na huɗu ne kan gaba, sai na uku. Na shida, wanda wata mace take busawa, ya ce ta fi shi ko a lokacin da yake da haƙora. Na farko kuma ya ce a ajiye wa mai neman barci.

Washegari muka tsallako, abokina ya sake sabon salati, muka iso Doso kafin magariba. Na tafi da niyyar koyar da tsoho, na dawo na san kunnena ne bai gama buɗewa ba, tun da kiɗan da na so in wuce shi ne ya yi aikin. Ina sauke jaka waya ta yi ƙara, Kawu ne. Ko gajiya bai tambaye ni ba.

"Na ce ma mai tagulla kar shi taho. Kai kuma, ɗan karan ga da aka sa ma bakin busa, nawa ya tsage. Ka nemo min a Yamai. Goma."