Ilyasu da Igiya ta Biyu

Duk wanda ya tashi a Sae Sabuwa ya san Tala mai ginar rijiya, ya kuma san abin da ake yi masa dariya a kai. Sauran magina igiya ɗaya suke ɗaurawa su sauka. Shi Tala biyu yake ɗaurawa, ta biyun a wani gungume daban, kuma ba ya sa ƙafa a rami sai ya rataya mata buhun yashi, ya sake shi da gangan, ya ga ko za ta riƙe. Rabin safiya kan tafi a haka, masu gida suna cika suna batsewa. Shekara talatin da ɗoriya yana shiga ƙasa yana fitowa, a ƙarshe kan tabarmarsa ya cika.

Ɗansa Ilyasu bai gaji ginar ba. Ya taɓa lakol, wato makarantar boko, kaɗan, ya tafi Maraɗi ya koyi gyaran salula, daga salula ya faɗa kwamfuta, ya dawo ya kafa rumfa a Gidan Rumji. Siriri ne, maganarsa ba ta da yawa, ga sanyin aiki da zai sa mai gaggawa ya yi kuka. Hafiza ta san shi tun tana ƙarama, don babansa ne ya gina rijiyar gidansu. Shi ya sa ranar da ƙasa ta yi mata zafi, rumfarsa ta nufa.

Hafiza ta samu aiki a wani ƙaramin gidan rediyon al'umma na yankin. Sau uku a mako, bayan la'asar, tana gabatar da shirin manoma: labarin ruwa, lokacin shuka, irin gero da ya dace da wace gona. Komai na rediyon ta kwamfuta guda yake bi. To wannan kwamfuta, da ba ta taɓa ko tari ba a hannun kowa, da Hafiza ta zauna gaban makirfo sai ta sandare a tsakiyar magana. Sau bakwai ana haka cikin wata guda. Gari ya ɗauka. Wasu suka ce ba ta iya ba, wasu suka ce hannunta ne ba shi da kyau.

Malam Chindo, shugaban komiten rediyon, tsohon ɗan kasuwar hatsi ne, ba mugu ba, amma in ya kafe ya kafe. Ya zo shirinta na farko don ya sa albarka, kwamfuta ta mutu a gabansa. Tun daga nan ba ya fashin zuwa, yakan zauna a kujerar baƙi kusa da tebur ya zuba wa hannunta ido don ya kama abin da take taɓawa. Bai kama komai ba, amma ya yanke hukunci: in ta sake mutuwa ranar Juma'a, Sule, wani ma'aikacin rediyon, zai karɓi shirin.

Ilyasu ya saurare ta har ta gama, sannan ya tambaya, “In ta sandare, mi kuka yi mata?”

“Malam shi ka cire wayar wuta nan take, Yaya Ilyasu. Mu sake kunnawa.”

Ya dafe kai. “Kun ga majinyaci zai yi magana, kun rufe mai baki.”

Ranar Alhamis da hantsi ya zo a kan babur. Hafiza ta zaci zai kwance kwamfutar ya canja wani ƙarfe. Ko sukurudireba bai fito da ita ba. Ya zauna yana ta rubutu a baƙin allo, farin rubutu yana gudu sama. Da ta gaji da shiru ta tambaye shi abin da yake gyarawa, ya ce ba gyara yake ba, shirya ta yake don ta mutu da kyau. Ita da ta zo neman mai raya inji, ga shi ta ɗauko mai yi masa likkafani.

Ya yi mata bayani a hankali. A can cikin babbar manhajar da ke tuƙa kwamfuta akwai wani ƙwallo, kamar na cikin mangwaro, shi ke raba wa kowa aiki, shi ke magana da makirfo da allo da duk abin da aka soka. In ƙwallon nan ya yi tuntuɓe, komai ya tsaya, kuma abin da ke kansa a lokacin yana gogewa da an kashe wuta. Don haka ya ware wani ɗan lungu a ƙwaƙwalwar injin ya kwantar da ƙaramin ƙwallo na biyu, wanda ba shi da aikin komai sai barci. Ranar da babban ya faɗi, ƙaramin zai farka, ya kwashe duk abin da ya tarar, ya rubuta ya ajiye.

“Igiyar Baba Tala,” in ji Hafiza.

Ta ga murmushi a gefen bakin Ilyasu. Sai kuma ya yi abin da har yau ba ta manta ba. Ya rubuta layi ɗaya, ya ce bismillahi, ya kashe ƙwallon da hannunsa. Allo ya daskare. Hafiza ta kai hannu wajen wayar wuta ba tare da ta sani ba, ya ce, “Bari.” Suka jira. Minti ɗaya, biyu. Can sai rubutu ya fara fitowa shi kaɗai, babu wanda ya taɓa komai, kamar mai shara ya shigo ɗakin da aka watse. Injin ya gama, ya tashi da kansa. Ilyasu ya buɗe abin da aka ajiye, ya nuna mata: ga lokacin, ga umarnin da ya bayar, injin ya faɗi wanda ya kashe shi bai rage ba. Hafiza ta yi salati. Buhun yashin ke nan ya saki, kuma igiya ta riƙe.

Juma'a bayan la'asar Malam Chindo ya iso da sandarsa, ya gaisa, ya zauna a kujerarsa. Ilyasu ya rakuɓe a jikin bango, daidai inda wayar wuta take. Hafiza ta buɗe shiri. Tana cikin gaya wa manoman ƙauyen Gangara kada su yi saurin shuka da yayyafin farko, sai sauti ya ɗauke.

Malam Chindo ya miƙe ya nufi bango. Ilyasu bai matsa ba. Ya rusuna, ya ce, “Baba, don girman Allah a ba ni minti ukku.”

“Ana jiranmu a iska, ɗan Tala!”

“Ukku kaɗai, Baba.”

Ba ta taɓa ganin minti uku masu tsawon waɗannan ba. Ta san an gama da ita, injin ya mutu a hannunta karo na takwas. Hawaye suka cika mata ido, ta ƙi bari su zubo. Sai rubutun nan ya fara tafiya shi kaɗai, har Malam Chindo ya ja da baya yana kallo baki buɗe.

Ilyasu ya daɗe yana karatu. Ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya miƙe, ya ce, “Baba, in gan ka waje.”

“Faɗi nan. Ba ni da abin ɓoyo.”

Ilyasu ya sunkuyar da kai ya faɗa. Injin ya rubuta cewa minti goma kafin ya faɗi an soka masa wata salula a baya. Tana shiga tana fita, tana shiga tana fita, sau arba'in da wani abu, saboda igiyar cajinta ta sassauta. A na ƙarshe ƙwallon ya miƙa hannu wajenta ya tarar ba ta nan, ya kifa. Makirfon Hafiza da maɓallanta ko sau ɗaya ba su fito a rubutun ba.

Kowa a rediyon yana cajin salula a jikin kwamfutar, ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Amma a ƙarƙashin tebur, gefen kujerar baƙi, salula ɗaya ce kwance, tsohuwa, an naɗe wuyan igiyarta da robar taya. Malam Chindo ya dube ta kamar bai san ta ba. Ita ce yake sokawa duk ranar da ya zo gadin hannun Hafiza.

Ilyasu ya hau tattara kayansa, wai don kada ya ga fuskar dattijo. Ya ce gobe zai sabunta manhajar, ya kawo musu wurin caji daban.

Malam Chindo ya duƙa da kyar ya zare salularsa. Hafiza ta zaci fita zai yi. Sai ya tambaya ko an koma iska, aka ce an koma. Ya jawo makirfon gabansa.

“Jama'a, Chindo na. Injin nan ba Hafiza ka kashe shi ba, ni na, sau takwas. Na ɗora wa ɗiyar mutane laifina. Ku saurare ta.”

Ya tura mata makirfon. Sai a lokacin hawayen suka zubo, ta share da gefen mayafi, ta nemi inda ta tsaya a takarda. Ta taga ta hango Ilyasu yana taka babur ɗinsa, ya ƙi tashi, yana sake takawa.

“Manoman Gangara,” in ji ta, “ina muka tsaya? Na ce ku dakata da shuka.”