Ranar da Aka Share Rumbun Kawu Sahabi

Duk wanda ya san Kawu Sahabi a Kebbe ya san safar ulun nan da ke leƙowa daga aljihun ƙirjinsa. Ba goro ba ne a ciki, had-dis ne, 'yar ma'ajiyar nan da ake jona wa kwamfuta, wadda ɗansa ya zuba masa duk bidiyon da ya taɓa ɗauka da waya. Shi rumbu yake ce masa. Me ke cikin rumbun kuwa? Shanu! Sa na cin harawa, sa na tuƙa, sa na tsaye ba ya komai. Sai dai a ɗaya daga ciki ana jin muryar marigayiya matarsa, Inna Hajo, daga bayan danga, kuma duk duniya babu inda muryarta ta rage sai nan, don wayar ta daɗe da faɗawa rijiya.

In zai kawo rumbun shagona a Tambuwal, inda nake buga takardu, ɗan kabu-kabu ya shiga uku. Kun dai san hanyar. Kowane rami sai Kawu ya dafe ƙirji.

"Sassauta, yaro! Kana hautsina min shanu!"

"Waɗanne shanu, Baba?"

"Tuƙi anka ce ka yi, ba tambaya ba."

Da kunnensa ya fara nauyi, lasifikar kwamfutata ta daina isarsa, sai ya sayi talabijin mai ƙara don ya riƙa jin Inna a ɗakinsa. Aka jona, talabijin ta ce ba ta ga komai ba. Ya zo mini afujajan, na duba, na ce, "Kawu, rumbunka a tsarin NTFS yake, talabijin ɗinka kuwa FAT32 kawai ta sani. Sai an kwashe komai, an share shi tas, an sauya tsari, sannan a mayar."

"A share mi? Bello, lafiyarka? Rumbun ga ya girme ta. Baƙo ka bin halin gida!"

Wallahi ya koma Kebbe ya bar su jone har damina ta wuce, wai su saba da juna, kamar yadda ake ɗaure sabuwar saniya kusa da garke. Ni haushi kamar ya kashe ni, shi ko a jikinsa.

Da dai ya ga talabijin ta fi shi taurin kai, sai ga shi wata safiya da faifan kaba a hamata. Na jona rumbun na fara kwashewa, ya tura faifan ƙarƙashin igiyar da ta haɗa su.

"Kawu, na mene ne?"

"Tun da nika noma ban taɓa ganin an kwashe rumbu hatsi bai zube ba. Yi aikinka."

Haka ya tsare faifan nan da ido har aka gama. Ya sa na buɗe bidiyon Inna a kwamfuta, ya kara kunne ya ji, sannan ya sa na sake ajiye shi a ta maƙwabcina mai ɗaukar hoto. A wannan kam ban yi masa musu ba.

Da lokacin sharewa ya yi, kwamfuta ta fito da gargaɗi cewa komai zai tafi. Na karanta masa. Kawu ya miƙe ya gyara hularsa.

"Ni ko layya ba ni tsayawa a yanka dabbata gabana. In ka ƙare ka kira ni."

Ya fita ya tsaya wajen mai rake, ya juya wa shagon baya. Ni da nake ta yi masa dariya, sai da na yi bisimilla kafin na danna. Da na kira shi, ya ɗauki rumbun ya jijjiga shi a tafin hannu.

"Innalillahi! Ya rage nauyi."

Na mayar da komai, ya sake aunawa, ya ce da sauran kaɗan, amma ya yafe mini don uwata.

Tare muka koma Kebbe ranar. Aka jona, sai ga farin sansa ya cika talabijin yana tuƙa. Kawu ya ƙure ƙara. Can muryar Inna ta fito ras, kamar tana tsakar gida:

"Malam, ka bar san ga haka nan ka tafo, tuwo na hucewa!"

Kawu ya ɗaga kai ya ce, "To Hajo, ga ni nan tafe."

Ya goge ido da bakin riga, ya harare ni.

"Maida baya, ban ji da kyau ba."

Alhali har maƙwabta sun ji. Bai kai wata kakar ba ya rasu, kuma ina kewarsa ƙwarai. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya jiƙan Inna Hajo, Ya sada su a gidan Aljanna, inda zai ji ta ba sai an ƙara murya ba. Amin.